Yadda Na Ƙure Adaka a Aberdeen

A makon farko na watan Janairu saƙon ya shigo imel ɗina daga ofishin sashenmu. Lokacin ina karatun digiri na biyu kan aikin haƙar mai a Aberdeen, birnin nan mai gine-ginen dutse ruwan toka da ke bakin teku a arewa maso gabashin Sikotland. Gayyata ce zuwa liyafar daren Burns, wadda suke yi duk shekara ranar 25 ga Janairu, ranar da aka haifi babban mawaƙinsu Robert Burns a 1759. An faɗi wuri da lokaci da kuɗin tikiti, an ce duk mai abin da ba ya ci ya sanar da wuri. Can ƙasa kuma, matar da ta rubuto saƙon ta ƙara layi ɗaya, ta ce tana son ta ga kowa ya zo "dressed to the nines".

Mu uku ne a gidan da muke haya, duk 'yan Najeriya, kuma da Turanci muka yi karatu tun daga firamare. Rahoto mai shafi arba'in ba ya ba mu tsoro. Amma a daren nan, muna tsaye a kicin muna jiran taliya ta dahu, kalmomi huɗu suka ɗaure mana kai. Abokin zamana Bazazzagi ya ce a ganinsa ana nufin kowa ya gama shiri kafin ƙarfe tara. Ɗayan, mutumin Fatakwal, ya ce ina, ai maki ake bayarwa, tara bisa goma. Muka yi ta musu har taliya ta caɓe.

Ƙamus na fara dubawa a waya, bai kuwa ɓata mini lokaci ba. Ma'anar ita ce mutum ya sa tufafi masu kyan gaske, irin na zuwa babban taro, kuma an yi alama cewa maganar hira ce, ba ta takardun hukuma ba. Wato abin da mu za mu ce wane ya ƙure adaka, ko ya yi shiga ta kece raini, ko kuma a bakin samari ya ɗau wanka. To ma'ana ta fito, sai dai matsalata tana nan daram: me zan sa? A gida idan aka ce a ƙure adaka na san inda ma'auni yake, na san bambancin shigar ɗaurin aure da ta zuwa kasuwa. A nan kuwa na riga na ga farfesan da ke duba aikina yana shigowa aji da wandon jins da suwaita mai huji a gwiwar hannu, alhali shi ne wanda kamfanonin mai na Tekun Arewa ke zuwa neman shawararsa. Mutanen da manyansu ke yawo haka, ina adonsu zai tsaya idan sun ce za su yi?

Washegari na hau ofishin sashen. Sakatariyar 'yar garin ce gaba da baya, tana magana da karin harshen yankin da ake kira Doric, wanda ko Baturen Landan sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci wani abu. Gaisuwarta kullum "Fit like?", wato yaya dai. Na ce mata maganar tarar nan ce ta kawo ni. Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau, sannan ta juyo mini da fuskar kwamfutarta, ta ɗora yatsa a wani layi da ke tsakiyar saƙon, inda aka rubuta cewa shigar taron "black tie" ce, ko kayan gargajiyar Sikotland, ko kayan gargajiyar ƙasar da mutum ya fito.

"Wannan ita ce doka," in ji ta. "Wancan na ƙasa kuwa bakina ne kawai."

A nan na fara gane cewa abu biyu ne daban. Mutanen Birtaniya suna da sunaye tsayayyu da suke bugawa a katin gayyata, kuma kowane suna lissafin kaya ne ɗaya bayan ɗaya. Mafi girma shi ne "white tie", irin na liyafar da ake yi wa shugabannin ƙasashe a fadar Buckingham, kwat mai jela da farin maɗaurin wuya. Sai "black tie", baƙar kwat mai sheƙi a ƙwala, farar riga, da ɗan baƙin maɗaurin wuya mai siffar malam-buɗe-littafi. Ƙasa da shi akwai "lounge suit", wato kwat da wando irin na zuwa ofis. Waɗannan idan ka saɓa, ka saɓa. Ita kuwa maganar tara ba ta gaya maka ka sa kaza ko ka bar kaza. Tana faɗin iya himmar da aka zuba ne, kuma kowa da nasa mudun. Sakatariyar ta ce ba za ka taɓa ganin an buga ta a katin biki na gaske ba, ita ma ta rubuta ne don ta zaburar da ɗalibai, saboda wasu shekarun sukan zo mata kamar za su ɗakin karatu.

Wadda ta koya mini sauran ita ce dattijuwar da ke zaune a ƙasan benenmu. Ta yi aiki a kamfanin gyaran kifi a bakin tashar jiragen ruwa har ta yi ritaya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. Ni nake fitar mata da kwandon shara ranar da mota ke zuwa, ita kuma takan tsare ni da shayi da biskit. Ta sha cewa in kira ta da sunanta, bakina ya ƙi, na ce ni dai Mama zan ce. Daga baya ta haƙura.

Da na kawo mata maganar, sai ta ajiye kofi ta ce, "Ɗana, ba kalmomin za ka saurara ba, muryar za ka saurara." Ta tashi tsaye ta yi mini wasan kwaikwayo a tsakar falonta. Ta fara faɗin maganar da fuska a sake, hannu a ƙirji, kamar tana ba da labarin jikarta ranar aure. Wannan yabo ne tsantsa. Ta sake faɗa a miƙe, ba daɗi ba ɗaci, irin yadda za ka ce an cika a wurin kuma kowa ya ci ado. Sai ta matsa bakin taga, ta ɗan ɗaga labule da yatsa biyu, ta ɗage gira, ta ja kalmar tara ɗin a hankali tana kallon titi, ta ƙara da cewa, "kuma fa madara kawai za ta saya." Ban san lokacin da na fashe da dariya ba, don wannan kallon na san shi, ba sai an fassara mini ba.

Ta ce galibi a kan wani ake faɗa, ba a kan kai ba. Idan ka ji mutum ya faɗa a kan kansa, to ko dai yana zolayar kansa ne ko yana ƙorafi: na ɓata awa biyu ina shiri, na fito tsaf, sai aka bugo waya aka ce an fasa. Ta ce a Birtaniya za ka fi jin ana cusa ɗan "up" a tsakiya, a ce "dressed up to the nines", kuma duk abu ɗaya ne.

Daga nan hira ta yi daɗi, ta shiga zazzago mini 'yan'uwan maganar. Akwai "glad rags", wanda in ka bi kalma da kalma tsummokaran farin ciki ke nan, amma kayan fita ake nufi, kuma da raha ake faɗa, kamar a ce maza ɗauko na ƙasan akwati mu tafi. Akwai "Sunday best", wanda ya samo asali daga kayan zuwa coci ranar Lahadi, yana ɗauke da ƙanshin tsafta da kamun kai fiye da gayu. Namiji da ya sha kwat da takalmi mai ƙyalli zai tafi ganawar neman aiki, shi "suited and booted" ake ce masa. "Dolled up" na mata ne, daga sunan 'yar tsana, kuma ta gargaɗe ni kada in kuskura in faɗa wa abokiyar karatu, don tsakanin ƙawaye wasa ne, a bakin namiji baƙo kuwa yana iya zama raini. "Dressed to kill" ado ne mai neman ido ya tsaya a kansa. Sai ta rage murya ta ba ni biyu da ta ce in sani amma kada su fito daga bakina: a ce mutum ya yi ado kamar abincin kare, wato ya cika kwalliya har ta zama abin dariya, da kuma "mutton dressed as lamb", tsohuwar tunkiya a shigar ɗan rago, wanda ake jifan mace mai shekaru da shi idan ta yi shigar 'yan mata.

Na lura cewa kusan rabin abin da ta lissafa zolaya ce ko habaici. A ganina wannan ba banza ba. Mutanen nan suna jin nauyin a gan su sun wahala wajen gyara kansu. A wurinmu wanda ya ci ado ya zo taronka ya girmama ka, wanda ya zo a yamutse shi ne abin magana. Su kuwa tsoron wuce gona da iri ya fi tsoron gazawa ƙarfi a zukatansu, shi ya sa ko yabon ado sai sun ɗan haɗa shi da wasa kafin ya fita.

Tarar dai ba ta bar ni ba, don mai karatun injiniya ba ya son lamba marar dalili. Wata rana da yamma, maimakon aikin da aka ba ni, na zauna a ɗakin karatu ina bin sawunta. Abin da na tarar ya ba ni mamaki: maganar 'yar Sikotland ce, kuma da farko ba ruwanta da tufa. A 1719 wani mawaƙi, William Hamilton na Gilbertfield, ya rubuta wa abokinsa Allan Ramsay wasiƙa a waƙe, yana cewa baitocin da ya aiko masa sun gamsar da shi "to the nines", wato matuƙar gamsarwa. Shi kansa Burns, wanda za mu je liyafarsa, ya yi amfani da ita. A 1787 wata mata ta yi masa tayin mayafin ulu irin nasu, ya amsa mata a waƙe cewa kyautar za ta faranta masa rai "to the nine", a nan kuwa ba tare da harafin jam'i ba. Ke nan asalin ma'anar ita ce har ƙarshe, har inda babu ƙari. Sai a ƙarni na 19 ta manne wa ado, kuma zuwa 1859 John Camden Hotten ya sa ta cikin ƙamusunsa na maganganun kan titi da ya buga a Landan. Yau ta kusa rasa sauran abokan tafiyarta, da wuya ka ji ta ba tare da zancen tufa ba.

Labaran da ake bayarwa kan dalilin tara suna da yawa, kuma kowa na riƙe da nasa da ƙarfi. Wasu sun ce wai tela na buƙatar yadi tara kafin ya ɗinka kwat ta alfarma. Wasu sun ce daga rundunar sojan Birtaniya ta 99 ne, wadda ta yi suna da kyan kaki a tsakiyar ƙarni na 19. Wasu sun kai ta ga tsohon Turanci, suka ce asalinta "har idanu" ne, baki ya murɗe ta. Wasu kuma sun jingina ta ga allolin fasaha tara na tatsuniyoyin Girkawa. Na yadi da na soja dai lissafin shekaru ya kayar da su, tunda ana faɗin maganar fiye da shekara ɗari kafin sojojin su yi suna, kuma a kan waƙa ake faɗinta, ba a kan yadi ba. Amma su ne suka fi yawo a bakin mutane, don sun fi daɗin bayarwa.

Saura yanke shawara. Mu ukun muka tafi wani shagon da ke ba da hayar kayan biki. Bazazzagi bai yi wata-wata ba ya zaɓi baƙar kwat. Ni da mutumin Fatakwal muka ce bari mu gwada na 'yan gari, siket ɗin nan na maza da suke kira kilt. Mai shagon, wani dattijo da tef a wuya, ya sa na durƙusa a kan gwiwoyina ya auna daga cibiya zuwa ƙasa, ya ce haka ake samun tsawon. Da ya ɗaura mini na ji nauyi, sai ya ce ai yadi takwas ne na ulu aka nannaɗe a baya. Na tambaye shi maganar yadi tara na kwat, ya yi tsaki ya ce kusan rabin haka ya isa. Ya jero sauran kayan: gajeriyar kwat mai maɓallan azurfa, 'yar jakar fata da ke rataye a gaba don kilt ba shi da aljihu, doguwar safa har ƙasan gwiwa, takalmi mai dogon igiya da ake naɗewa a idon sawu, da 'yar wuƙa da ake sokewa a cikin safa. Yana gyara mini yana ba ni tarihi, yadda gwamnati ta haramta wa mutanen tsaunuka wannan shiga a 1746 bayan yaƙin Culloden, aka ɗage haramcin a 1782, har Sarki George na Huɗu ya sa ta da ya ziyarci Edinburgh a 1822. Ya ce kowa na iya sawa, akwai zanen da ba na wata zuriya ba.

Na tsaya gaban madubi. Kayan sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma ga gwiwoyina a waje suna kallona, kuma na san duk hoton da aka ɗauka a daren nan sai ya isa zauren WhatsApp na gidanmu kafin asuba. Na hango Hajiya tana miƙa wa ƙanwata waya tana cewa, "Duba mini nan, zane ne yaron nan ya ɗaura?" Na yi wa mai shago godiya na cire. Mutumin Fatakwal ya biya nasa yana murna.

A ƙasan akwatina akwai babbar riga farar shadda mai aikin hannu, aska takwas, wadda Hajiya ta dage sai na taho da ita, ni kuma a lokacin ina ganin ta cinye mini wurin yaji da kuka. Tun da na sauka ban taɓa ta ba. Da na warware ta, duk ta yi layi-layi na ninki, sheƙin ya kwanta. A Kano da sai in miƙa wa masu bugu, kafin la'asar ta dawo tana ɗaukar ido. A Aberdeen wa zai buga maka shadda? Na kira telanmu ta waya.

"Injiniya! Kai ne a ƙasar sanyi? Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi, Malam. Rigar nan da ka haɗa mini ce nake son sawa, ga shi ba mai bugu."

Ya ce in juya ta bai, in yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, in shimfiɗa farin ƙyalle a kai kafin in ɗora dutsen guga, kuma ko da wasa kada dutse ya taɓa aikin kai tsaye, zare zai ƙone ya yi ja. In na gama in ninke ta yadda ya saba ninkewa in danne da abu mai nauyi ta kwana. Kafin mu yi sallama na tambaye shi yadi nawa ta ci. Ya ce goma cif, riga da 'yar ciki da wando. Na gaya wa abokan zamana cewa ko da labarin yadi tara gaskiya ne, ni na wuce da ɗaya.

Teburin gugar gidan bai ɗauki ko hannu ɗaya na rigar ba. Sai na shimfiɗa bargo a ƙasan falo, na durƙusa ina bin ta kusurwa-kusurwa, in gama wannan gefe in ja wancan, Bazazzagi yana riƙe mini baki ɗaya kada ta share ƙasa. Na danne ta da littattafan karatu masu kauri, wanda shi ne amfani mafi girma da wasunsu suka yi mini a zangon. Hula kuwa, zanna bukar, ta lotse a akwati. Na fesa mata sitati na kanti, na kifa ta a kan wata ƙaramar tukunya da ta yi daidai da kaina, na ajiye kusa da hita. Da safe ta miƙe tsaf.

Ranar 25 ga wata kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe, ga iska mai sanyi daga teku. Na yi magariba da isha'i, na sa rigar sanyi mai manne jiki da dogon wando irin nata a ciki, don babu wata kwat da za ta hau kan babbar riga. Tsakanin ƙofar gida da tasi bai fi taku goma ba, amma iska ta shiga ta hannun rigar ta hura ni kamar rumfar biki da hadari ya taso wa. Direban ya kalle mu ta madubi, ɗaya da baƙar kwat, ɗaya da kilt, ɗaya da farar riga har ƙasa, ya tambaya ina ake auren kuma wane ne angon.

Ina shiga zauren na ga amsar tambayar da na yi wa kaina tun farko. Farfesan nan mai suwaita mai huji yana tsaye a bakin ƙofa cikin kilt na zuriyarsu, maɓallan azurfa na walƙiya, gemu a gyare, takalmi kamar madubi. Ashe suna da adakar, ba sa buɗe ta ne sai da dalili. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "You scrub up well." Allah ya sa Mama ta riga ta gaya mini wannan. In ka bi kalmomin, cewa ya yi in an dirje ka kana fitowa fes, wanda a kunnen Bahaushe kusan zagi ne, kamar da can da dauɗa kake yawo. A wurinsu kuwa yabo ne na wanda ya saba da kai. Na mayar masa da ita, ya yi dariya sosai, don ya san shi ya fi cancanta.

Liyafar tana da tsari. Aka yi gajeriyar addu'arsu ta cin abinci, aka sha miya. Sai kowa ya miƙe, mai busa algaitarsu mai jakar iska ya shigo gaba, mai dafa abinci na biye da shi ɗauke da haggis a faranti. Haggis ɗin zuciya ce da hanta da huhun tunkiya, a niƙa da albasa da kitse da garin hatsi da kayan yaji, a dafa a cikin tumbi. Wani malami ya tashi ya karanta waƙar da Burns ya yi wa wannan abinci, da ƙarfi da motsa hannu, da ya kai wani baiti ya zaro wuƙa ya farke tumbin, tururi ya tashi, aka yi tafi. Ni na riga na rubuta cewa na marasa cin nama nake so, aka kawo mini wanda aka yi da wake da hatsi, tare da dankalin Turawa da wani tushe ruwan ɗorawa da suke kira neeps, duk a dame. Da aka zo ɗaga kofi, su da giyarsu, mu da lemon Irn-Bru. Mai jawabi ya ba da tarihin cewa abokan Burns tara ne suka fara wannan zama a 1801, a gidan da aka haife shi a Alloway, shekara biyar bayan rasuwarsa. Mutumin Fatakwal ya taɓo ni ya ce ga wata tarar kuma.

A daren na ji maganar da kunnena a duk muryoyin da Mama ta kwaikwaya. Sakatariya ta riƙo hannun wata abokiyar aikinta ta kawo ta wurina tana cewa zo ki ga wanda ya zo tambayata ma'anar magana, ga shi ya fi kowa cika ta. A teburin bayanmu wasu mata biyu suka faɗe ta ƙasa-ƙasa, da jan nan na bakin taga, lokacin da wata ta wuce da doguwar riga mai ƙyalƙyali da jela tana jan ƙasa. Sai kuma wata murya ta huɗu da ba a koya mini ba: wani matashin malami ya shigo a makare da kayan da ya yini da su, ya tsaya ya dubi zauren, ya ce kowa ya zo "dressed to the nines" ga shi shi kamar wanda ya zo gyaran famfo. Da maganar ya nemi afuwa, ya yabi kowa, ya kuma riga kowa yi wa kansa dariya, duk a numfashi ɗaya. Ba wanda ya ƙara bi ta kansa.

Da aka kawar da tebura aka shiga rawarsu ta gargajiya, inda ake riƙe hannu ana juyi layi-layi, na koma gefe na zauna. Ko ba don komai ba, mai babbar riga aikinsa naɗe hannu a kafaɗa, ba juyi ba. Wani dattijo da shi ma gwiwa ta hana shi rawa ya matso kusa, ya nemi izini ya taɓa aikin da ke ƙirjina. Ya tambaya ko da inji aka yi, na ce da allura ne, kuma irin wannan yakan ɗauki mai ɗinki watanni. Na nuna masa dogayen tsinin da ke gangarowa, na ce sunan aikin aska takwas, muka ƙirga tare. Ya sunkuya ya zaro 'yar wuƙarsa daga safa ya nuna mini, ya ce shi guda ɗaya tak gare shi, kuma ta haya ce, ko kaifi ba ta da shi. Ya tambaya ko sai ranar aure muke sa irin wannan. Na ce har ranar Juma'a wasu na sawa, kowane mako. Ya jinjina kai ya ce lalle matanmu na shan guga. Na ce masa a'a, wannan sana'ar maza ce, akwai masu wanki da masu bugu da masu wankin hula, kowa da layinsa.

Bayan nan maganar ta zauna mini a baki, na kuma san inda ba a kai ta. Ba a sa ta a takardar neman aiki ko rahoto. Ba a canza lambar, ba mai cewa takwas ko goma sai in wasa yake. Ba a faɗinta a kan masu zaman makoki, sai in ana nufin sun yi abin da bai dace ba. Kuma in za ka faɗa wa mutum a gabansa, ka sake fuska, don ɗan ɗage gira kaɗan ya isa ya juya ta.

Rigar kuwa ta dawo gida da ɗigon lemon nan ruwan goro a gaba. Na kai ta wani shagon wanki a unguwarmu. Yarinyar da ke karɓar kaya ta fara warware ta a kan kanta, ta ja, ta ja, ba ta ga ƙarshenta ba, ta kira wata ta kama mata. Suka duba takardar farashinsu daga sama har ƙasa: ba kwat ba ce, ba rigar mata ba ce, ba zanen gado ba ce. Suka kira mai shagon a waya. Daga ƙarshe aka rubuta mini rasit da kuɗin labule biyu.